Shawarwarin da aka tattara kan farfaɗo da Yamaha XT500

Makanikai da masu tara tsofaffin babura sun tattauna kan Yamaha XT500, baburin daji da ya fito a 1976. Bakinsu ya zo ɗaya kan matakin farko: kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba lambar da ke wuyan firam, a gwada ta da ta jikin inji. Ta galibin na kasuwar Turai da 1U6 take farawa. In suka saɓa, an taɓa sauya inji, wataƙila da na SR500, wani baburin Yamaha na hawa kan titi, tunda 'yan gida ɗaya ne.

An fi daɗewa kan baƙin mai. A cikin bututun firam wannan babur ke ajiye shi, kuma akwai 'yar rariya a ƙasan bututun da ake yawan mantawa. In ta toshe, mai ba ya zagayawa sosai, inji ya cinye. A fara wanke ta.

Kan wuta aka rabu: wasu suka ce a bar volt 6 na asali, wasu a mayar 12 don fitila ta yi haske. Ni dai ina bayan masu barin asali, har da fentin tanki, domin irinsa Cyril Neveu, ɗan tseren babur na Faransa, ya ratsa Agadez da shi ya lashe gasar tseren Paris-Dakar ta 1979.