Mu 17 ne, an raba mana lokacin shiga jirgin ruwa

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Nima nake, nan Accra. Yayanmu na Jamus ya biya mana jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Basalona. Mu 17 ne, har da Hajiya kakarmu, wadda sai a keken guragu. Biza ta fito, alhamdulillahi.

Ɗaki biyar aka kama, sai aka ba wasu ƙarfe 11 na safe, wasu 2 na rana. Hajiya kuwa ta rantse ba ta shiga sai jikokinta na gabanta. Na rubuta wa kamfanin sau uku, shiru.

In muka je gaba ɗaya ƙarfe 2, za su karɓi na safen? Sannan ɗan ƙanwata, iyayensa ba sa zuwa. Takardar izininsu ta wadatar, ko sai da hatimin lauya?