Ina ruwan tantabara da murar tsuntsaye?

Ɗan Lids: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganata a fili: tantabara ba ta yaɗa murar tsuntsaye, don haka hana ta tsere saboda cutar da agwagin daji suka kawo zalunci ne. A arewacin Ingila nake, ina cikin wata ƙungiyar masu tseren tantabara, inda ake kai su nesa a sake su su dawo gida. Tsuntsun daji ya kai cuta gonar kaji, sai a zana da'irar kilomita 3, a ƙara wata ta kilomita 10 a bayanta. Duk wanda ɗakin tantabarunsa ya faɗa cikin ƙaramar da'irar, ba shi ba kai tsuntsu wurin taro sai ranar da aka ɗage. A Nuwamban 2020 ma taron tsuntsaye gaba ɗaya aka soke a Ingila, sai Afrilun 2021 aka buɗe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Me namu suka yi?

Hajiya Mai Kaji: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka ce zalunci, ka taɓa shiga ɗakin kaji da asuba ka tarar da su kwance, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura? A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in murar da ake kira H5N1 a Afirka, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, watan bai ƙare ba ta ɓulla a Magariya ta Nijar. Waɗanda cutar ba ta kashe ba, an kashe su an binne. Kai wasa aka hana ka na 'yan makonni. Mu jari ne yake tafiya a dare ɗaya.

Ɗan Lids: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ban raina asararku ba. Amma ba wasa ba ne kawai. Tsuntsun tsere in ya daina atisaye na nesa jikinsa sakewa yake, ƙirji ya yi kitse, numfashi ya gajarce. Manya daga Afrilu suke fara tsere, 'yan shilar bana kuma daga wajen Yuli zuwa Satumba. Ɗan shilan da bai koyi hanya a shekararsa ta farko ba, baɗi in ka sake shi daga nesa yawanci ba ka ƙara ganinsa.

Likita: Bari in sa baki, tunda aikina ne. Rabin maganar Ɗan Lids gaskiya ce, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. An sha ɗura wa tantabaru ƙwayar cutar da gangan a ɗakin gwaji. A Amurka, Perkins da Swayne sun gwada da irin H5N1 da ta ɓulla a Hon Kon a 1997, tantabarun ba su nuna alamar ciwo ba. A 2014 Celia Abolnik ta Jami'ar Pretoriya ta tattaro binciken da aka yi a kan tantabaru da kurciyoyi, abin da ta fitar shi ne: ko sun kamu, ƙwayar da suke fitarwa kaɗan ce, ta ɗan lokaci, kuma da wuya ta isa ta harbi wani tsuntsu. Agwagwa kuwa tana iya yawo lafiya ƙalau tana zubar da ita a kashi.

Inda ya zarce shi ne "ba ta yaɗawa" ɗin nan da ya yanke. A Jamus, a cibiyar Friedrich Loeffler, an ba tantabaru wata H5N1 ta Indunusiya da yawa, wasu suka mutu, ƙwayar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A 2024 kuma, lokacin da cutar ta shiga shanun madara a Tekzas, an samu ƙwayar a jikin matattun tantabarun da aka tsinta a gonar. Ƙwayar tana sauyawa. Wadda ke yawo tun 2020 ba irin ta 1997 ba ce.

Auta: Likita, to in ba sa fitar da ita sosai, ta ina za su kai wa kaji?

Likita: Ta ƙafa da gashi, Auta, ba sai ta ciki ba. Ƙwayar tana daɗewa a ruwa mai sanyi har makonni. Tsuntsun da ya yi awa goma a sama ƙishirwa za ta sauke shi, kuma ba zai zaɓi tafkin da agwagi ba su yi kashi a ciki ba. Sannan ga kwandon da ake zuba su, ga motar ɗauka, ga takalman mutanen da suka taru daga gidaje hamsin a daren loda kwando. A cikinsu akwai mai 'yan kaji a bayan gida.

Ɗan Lids: Da wannan hujjar, Likita, sai a hana gwara da hankaka tashi. Tantabarun titi suna nan dubbai a tashar jirgin ƙasa, ba zobe, ba rigakafi, ba mai su. Namu kowace da zobe a ƙafa mai lamba, an san ɗakinta. Tun 1 ga Oktoba 2024 ma doka ta wajabta wa duk mai ajiye kaji ko tantabara a Ingila da Wales ya yi rajista, ko da guda ɗaya ce. Wanda ya bi doka shi ake dannewa saboda shi ne ake da adireshinsa.

Likita: Gwara ba ta shiga mota a kai ta kilomita 800 ta kwana da ta wani gari.

Na Beljiyam: Ranku ya daɗe, ni nan ƙasar da tseren ya samo asali nake zaune, kuma ina ganin akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Da can murar tsuntsaye cutar hunturu ce a Turai. Agwagi da dinyoyin daji su zo da ita a ƙarshen shekara, kafin Afrilu ta lafa, daidai lokacin da ake fara tsere. Shi ya sa rigimar ba ta yi zafi ba. A 2022 ne lissafin ya rushe, cutar ta ƙi tafiya. Ta kama tsuntsayen teku a wuraren da suke ƙyanƙyasa a tsakiyar bazara: dutsen Bass Rock na Sukotland ya yi fili-fili inda da fari fat yake da tsuntsaye, gaɓar Holan da arewacin Faransa ma aka yi ta kwashe gawarwaki. To waɗannan watannin su ne na manyan tsere, har da na Barsalona da ake yi a farkon Yuli, wanda tsuntsu ke yin sama da kilomita 1,000 kafin ya iso nan. Kuma wuraren saki da yawa kusa da gaɓa suke. Wanda ya ce yanzu ma kamar da ne, bai duba ba.

Ɗan Lids: Yaya, ai kai ya kamata ka fi kowa tsaya mini. A ƙasarku aka sayar da tantabarar tsere mai suna Armando Yuro miliyan 1.25 a 2019, New Kim kuma miliyan 1.6 a 2020. Mai tsuntsu irin wannan zai yarda ta sha ruwan kududdufi?

Na Beljiyam: Irin waɗannan ba sa ƙara tashi, ƙanena, ajiye su ake don iri. Wadda ke sama kuwa, mai ita yana gida yana kallon agogo, bai san inda ta sauka ba. Kai da kanka ka san tsuntsu kan dawo da laka a ƙafa. Ka san kuma kowace shekara akwai waɗanda ke ɓata, su faɗa ɗakin wani ko rumfar hatsin wata gona su kwana uku kafin a kira lambar zoben.

Baba Alhaji: Yara, na karanta duka. Mu nan Kano ba mu da tsere irin naku na agogo, amma tun ina yaro muke kiwon tantabara, kuma abin da na gani shi ne ba a sama ake ɗaukar ciwo ba, a kasuwa ake ɗauka. Ka sayo sabuwa mai kyau, ka jefa ta cikin naka a ranar, bayan sati ka ga wuya yana murɗewa, tsuntsu yana kai baki ga gero yana kuskure. Ni duk wadda na sayo sai ta yi sati biyu ita kaɗai a keji, kaskon ruwanta daban. Likita, wannan murɗewar wuyan ita ce murar da kuke faɗa?

Likita: Allah ya ƙara girma, Baba. Galibi ba ita ba ce. Waccan ƙwaya ce dangin cutar kaji da ake kira Niyukasil, ta tantabaru ce ta musamman, kuma tana da allurar rigakafi. Amma ido ba ya iya raba su, sai gwaji, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Kuma tambayarku ta kawo mu kan abin da ya sa hukumomin Birtaniya ba sa sakin jiki da tantabara. Wannan cutar ta shiga tantabarun tseren ƙasar a 1983. A 1984 ta tsallaka cikin kaji, gonaki sama da 20, aka bi sawu aka gano abincin kaji ne da tantabarun titi suka ɓata a rumbunan tashar jiragen ruwa ta Libaful. Har yau ba a yarda ka sa tsuntsu tsere a can sai da shaidar rigakafinta.

Ɗan Lids: Wata cuta ce daban wannan, Likita. Kada a ɗora wa tantabara laifin mura saboda Niyukasil.

Likita: Daban ce, na yarda. Hanyar ce ɗaya: kashin tsuntsu a cikin abincin kaji.

Hajiya Mai Kaji: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba za a yi wa tantabarun rigakafin murar ba a huta?

Likita: Birtaniya ba ta yarda a yi wa kaji ko tsuntsayen gida allurar murar ba, sai na gidan zu da izini. Faransa kuwa ta fara yi wa agwagin gonarta a Oktoban 2023. Kuma allura ba ta wanke ƙafa, Hajiya.

Ɗan Lids: To bari in rage maganata, amma ba zan janye ta ba. A Yulin 2007 an tsinci matattun suwan uku, manyan tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya, a yankin Mosel, can gabashin Faransa, sai aka dakatar da tseren da ake sakowa daga Faransa zuwa Birtaniya, alhali wuraren da ake sakin namu suna yamma, ɗaruruwan kilomitoci daga wurin. Wannan ba kariya ba ce, tsoro ne. Kuma hukumar da kanta ta gyara daga baya: a Nuwamban 2021 da aka sake hana taro, kaji da agwagi da danginsu aka hana, aka bar tantabaru da sharaɗi. Ko lokacin da aka ce a kulle kaji a ɗaki an bar mu muna sakin namu su zaga gida. Ashe an san bambancin.

Na Beljiyam: Nan na bi ka. Hanin ƙasa gaba ɗaya ban ga hujjarsa ba. Amma in ɗakinka yana cikin kilomita 3 da gonar da ta kamu, ka zauna gida. Kuma a daina saki kusa da gaɓar da ake tsintar gawarwaki, ko da an saba da wurin shekara 40.

Ɗan Lids: Canja wurin saki na yarda da shi. Kilomita 3 ɗin ne har yanzu ban gamsu ba, tunda tantabarar titi tana ratsa da'irar safe da yamma ba mai tambayarta.

Hajiya Mai Kaji: Ta titi ba ta da maigidan da zai shiga mota da takalminsa ya je ya gaisa da mutum hamsin. Kai kana da kaji a gida?

Ɗan Lids: Ba ni da su. Amma mutum biyu a ƙungiyarmu suna da su.

Baba Alhaji: To ka tambaye su ko da takalmin ɗakin kaji suke zuwa loda kwando, ka dawo mana da amsa. Likita, kai kuma ka rubuto mini sunan allurar murɗe wuyan nan da yadda ake yin ta, akwai 'yan shila takwas da nake so a yi wa kafin sanyi ya shigo.