Shin kalmar "bogus" ta Turanci daga "boko" ta fito?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa wani dattijo ya ce kalmar nan bogus, da Turawa ke nufin jabu da ita, tamu ce. Wai boko ce, bayin da aka kwashe daga ƙasar Hausa suka tafi da ita Amurka. Ni kam maganar ta shige ni. Ma'ana ɗaya, amo kusan ɗaya, me ya rage?

Nafi'u: Wa'alaikumus salam. Yaya Auwalu, ai ka juya zancen. Ita kanta bokon ba daga book aka aro ta ba? Mu dai haka aka koya mana.

Malam Garba: Nafi'u, a nan an koya muku ba daidai ba. Boko tsohuwar Hausa ce, tun kafin Bature ya kafa makaranta a ƙasar nan. Tambayi kakarka mece ce amaryar boko: yarinyar da ake yi wa kwalliya a fito da ita gaban jama'a, alhali amaryar gaskiya na ɓoye. Ga kuma biri-boko. Ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar yaudara da algus, kuma masanin harshen Hausa Paul Newman ya yi rubutu a kan wannan a 2013. Hujjarsa da ta fi gamsar da ni mai sauƙi ce: cook a bakinmu ya zama kuku, to da book muka ara, buku za mu ce. Balle ma muna da littafi tuntuni daga Larabci.

Auwalu: Madalla, Malam! Ka ga ke nan ta tsufa isasshen da za ta iya tsallaka teku.

Malama Hadiza: Tsufanta daban, tsallakawarta daban, Auwalu. Ba kai ka fara faɗin haka ba, akwai masana da suka kawo wannan ra'ayi, amma mu bi sawun kalmar. Ɗaya daga tsofaffin wuraren da aka ga bogus a rubuce shi ne wata jarida ta garin Painesville a jihar Ohio, a 1827. A jaridar ba ta ma nufin jabu kai tsaye, sunan na'urar buga kuɗin jabu ce. An kuma yi amfani da ita kan kuɗin, daga baya kan duk abin ƙarya. Ohio kuwa arewa take, jihar da ba a bauta a cikinta.

Kwatanta da kalmomin da aka tabbatar bayi ne suka kai. Okra, wato kuɓewa, daga Afirka ta Yamma, Ibo na cewa okwuru. Gumbo, wato miyar kuɓewa, da goober, wato gyaɗa, daga harsunan yankin Kwango da Angola, inda gyaɗa take nguba. Dukkansu a kudancin Amurka suka yi ƙarfi, a gona da madafa, inda bayin suke.

Auwalu: Malama, wa ke riƙe da alƙalami a 1827? Bawa ba ya buga jarida. Kalma na iya shekara hamsin a bakin mutane kafin wani ya rubuta ta. Kuma wa ya ce Bature zai so ya yarda ya ci bashi a wurinmu?

Malama Hadiza: Maganarka ta farko gaskiya ce, ban musa ba. Ta biyun ce ban karɓa ba. Ƙamus ɗinsu bai ɓoye cewa algebra daga al-jabr ta Larabci take ba, ko cotton daga ƙuɗun, ko alcohol daga kuhl, kwallin da ake sa wa ido. Sun yarda da okra, me zai hana su yarda da boko in da hujja?

Malam Garba: Bari in ƙara da tarihi. Hausawa sun yawaita a jiragen bayi ne bayan yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, kuma akasarinsu Bahia ta ƙasar Burazil aka kai su, har suka yi tawaye a can a 1809 da 1814. Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi daga farkon 1808. An kai wasu, amma ba su da yawan da harshensu zai yi tasiri haka.

Hajiya Binta: Ni abin da ke damuna shi ne bogi. Takardun bogi, likitan bogi. Ban taɓa jin ta a bakin iyayenmu ba, sai a rediyo da jaridu. Ina ganin mu ne muka ara daga wurinsu.

Nafi'u: Haka nake gani, Hajiya. Kuma kama ba ta isa hujja ba. Hannu da hand sun yi kama, ba dangi ba ne. A Farisanci bad na nufin mummuna kamar a Turanci, amma kowacce da tushenta.

Auwalu: Na janye cewa tabbas ne. Amma tun da su kansu masu ƙamus sun rubuta cewa ba a tabbatar da asalin bogus ba, ban cire boko daga lissafi ba. Malam Garba, don Allah turo mana hoton shafin Bargery ɗin, ina so in kai wa dattijon nan gobe bayan La'asar.