Dan Allah me za mu kira "dokumentari" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Taimako nake nema kan wata kalma kuma da ɗan gaggawa, saboda ranar Juma'a ake son karanta sanarwa a masallacin layinmu nan unguwar Nima a Accra. Mu samarin unguwa mun yi karo-karo mun kama hayar majigi da sifika, muna so duk daren Asabar mu riƙa haska wa mutane irin finafinan nan da ake ce wa dokumentari a filin makarantar allo, musamman masu nauyin nan da in ka kalla tuwon dare ma ba ya shiga. Na kai wa Malam takardar sanarwa, ya karanta har ya zo kan kalmar sai ya tsaya ya miƙo min, ya ce ɗana ni ba zan miƙe gaban jama'a in faɗi abin da ni kaina ban san ma'anarsa ba, je ka nemo Hausarsa ka dawo. Kuma wallahi gaskiyarsa.

Kar wani ya ce min a ce fim kawai a wuce. A kunnen iyayenmu fim wasa ne, na Indiya ko na Kano, a kashe mutum yau gobe ka gan shi a wani yana rawa. A 2018 da ɗan jaridar Ghana mai binciken ƙwaƙwaf Anas ya fito da fim ɗinsa Number 12 na zauna da Kawu a ƙofar shagonsa muna kallo a wayata, ana nuna alƙalan ƙwallo suna karɓar kuɗi suna cusawa a aljihu, Kawu ya gyara tabarau ya ce nawa aka biya waɗannan suka yarda aka yi wasan da su haka. Na ce Kawu ba wasa ba ne fa, kyamarar ɓoye ce, su kansu ba su san ana ɗauka ba. Ya ce haba dai. Har shugaban hukumar ƙwallon Ghana ya sauka daga kujerarsa Kawu na ganin kaman akwai shiri a ciki. Sai a watan Janairun 2019 da aka harbe Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Accra, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ranar Kawu bai buɗe shago da wuri ba, kuma tun daga nan ban ƙara jin ya kira abin wasa ba. Toh kalmar da nake nema ita ce wadda tun a ƙofa za ta gaya wa irin su Kawu cewa mutanen cikin nan ba 'yan wasa ba ne.

Na dawo, na ga abubuwan da kuka turo, Allah ya saka da alheri.

Masu cewa fim ɗin tarihi, ku yi haƙuri bai yi ba. Wanda BBC suka yi kan maganin tari mai kodin a Najeriya ba tarihi ba ne, ana cikin abin aka ɗauka, ga samari nan ɗaure da mari a gidan gyaran hali a Kano, kuma ba a cika kwana biyu da fitowarsa a 2018 ba gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. Mu nan da tiramol ke cin yaranmu a lungu mun san ba labarin da ba ne.

Shiri na musamman da rahoto na musamman kuma Hausar rediyo ce, komai ma ana iya kiransa haka har gaisuwar sallah.

Wani yaya daga Aboabo a Kumasi ya ce tonon silili ko fallasa. Yaya na ji daɗin wannan don ya zauna daram a kan aikin Anas, kaman na 2015 da ya bankaɗo alƙalai 34 da zargin cin hanci mutane suka yi dogon layi a babban zauren taro na Accra don su gani. Amma ba duka ne tonon asiri ba. The Witches of Gambaga da Yaba Badoe ta yi a 2010 ba asirin kowa ta tona ba, duk wanda ya san arewacin Ghana ya san akwai sansanin matan da ake zargi da maita a Gambaga, abin da ta yi kawai ta zauna da matan ta bar su suka yi magana. Da Goggo na kalle shi. Da aka zo wajen da ake yanka kaza a wurga ta, wai yadda ta faɗi ta mutu, a kife ko a rigingine, shi zai nuna ko mace mayya ce ko ba mayya ba, sai na ji carbin Goggo ya daina ƙara. Ta riƙe shi a hannu ba ta ja ba har aka gama, sannan ta ce min matan nan sa'o'ina ne fa, 'ya'yansu suna ina? Ban iya ba ta amsa ba. Bayan shekara goma, a 2020, aka yi wa tsohuwa Akua Denteh mai shekara 90 dukan da ya kashe ta bisa zargin maita a garin Kafaba da rana tsaka mutane na tsaye suna kallo.

Baba wani dattijo da aka haifa a Sakkwato ya aiko jikansa ya ce a gaya min su majigi suke cewa, lokacin da motar gwamnati ke zuwa gari da dare ta kafa farin ƙyalle ta nuna yadda ake noma da rigakafi, kuma kowa ya san majigi daban silima daban. Baba na gode ƙwarai, kalmar ta yi min daɗi a baki, kuma nan ma iyayenmu sun ga irin motocin. Matsalar dai yanzu in ka ce majigi na'urar ake nufi, ita ce ma muka yi haya, kuma majigin da muryar gwamnati ce tana koya wa talaka, waɗannan kuwa sau da yawa gwamnatin ce ba ta son a gani.

Wanda ya fi samun goyon baya shi ne fim ɗin gaskiya, kusan rabinku shi kuka ce, ni ma da shi na kwana jiya amma da safe a cikin motar haya na canza ra'ayi kuma ga dalilina. Akwai wanda wasu 'yan Ostiriya suka yi a 2018 kan Agbogbloshie, inda a da ake fasa tsofaffin kayan lantarki a Accra, sunansa Welcome to Sodom. Hayaƙin da suka nuna gaskiya ne, yaran da ke ƙona wayar lantarki don su ciro jan ƙarfe gaskiya ne, ba wanda ya zana su. Amma ni na yi shekaru ina zuwa wajen sayen albasa kafin a tashi kasuwar a 2021 a kai ta Adjen Kotoku, na san masu gyaran kwamfuta da talabijin a wajen da suke ciyar da iyali har suna aika kuɗi gida arewa, na san mutanen Old Fadama, unguwar da ke kusa da wajen, ba sa son sunan Sodom ɗin nan ko kaɗan. In muka sa wa abu suna gaskiya toh mun rufe bakin mai tambaya, yaro zai kalla ya ce ai an ce gaskiya ne shikenan, alhali mai kyamara shi ya zaɓi inda zai juya ta da inda zai yanke.

Shi ya sa nake ganin wadda wata Hajiya malamar makaranta daga Asawase ta kawo ta fi duka: fim ɗin shaida. Hajiya Allah ya ƙara basira. Shaida mutum ne da ya ce na gani da idona, dole a saurare shi, amma alƙali na da damar ya tambaye shi a ina ka tsaya, ƙarfe nawa, wa ke tare da kai. Wani ya ce ai akwai shaidar zur, eh mana akwai, shi ya sa ma kalmar ta dace, don akwai na zur a cikin finafinan nan kuma gara mutanenmu su shiga da wannan sanin. Sannan ita kalmar Turancin daga takarda ta samo asali, irin wadda mu ma muke ce wa takardar shaida, kun ga ba mu yi nisa da gida ba.

In kuna son ganin inda sunan ya zauna sosai ku nemi Anatomy of a Killing na BBC Africa Eye, 2018, gajere ne amma ku kalle shi da rana. Bidiyo ne ya yaɗu na sojoji suna tafe da mata biyu da yara biyu, ɗayan goye a baya, suka rufe musu ido suka harbe su. Gwamnatin Kamaru da farko ta ce labarin ƙarya ne. Sai masu binciken suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan hoton suka yi ta gwadawa da taswirar tauraron ɗan'adam har ya faɗa daidai kusa da Zelevet a arewa mai nisa, suka auna inuwar sojojin a ƙasa suka gano tsakanin Maris da Afrilun 2015 ne, suka bi bindigogi da kaki. Dutse ya ba da shaida inuwa ta ba da shaida, a 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Ni dai kwana uku ina ganin ƙaramar yarinyar nan da aka ja wa riga aka rufe mata fuska.

Ɗaya kalmar, wadda za mu kira masu nauyin nan da ita, ba ta ba mu wahala ba. Ban tsoro na aljanu da fatalwa ne, mai sosa rai ya yi laushi da yawa, mai tayar da hankali kuma wasu za su ɗauka faɗa ake a ciki. Goggo ce ta ba ni ba tare da ta sani ba, washegarin na Gambaga da na gaishe ta na ce an tashi lafiya ta ce ina fa, abin nan naka ya hana ni barci. Toh mai hana barci.

Na koma wajen Malam bayan la'asar da sabuwar takarda: za a riƙa nuna finafinan shaida duk daren Asabar bayan isha'i a filin makaranta, wasunsu masu hana barci ne, kar a zo da yara. Ya karanta sau biyu yana motsa baki, ya ce shaida kam na san ta, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ƙara da cewa a raba wajen zaman mata da na maza kuma a fara da na kodin don iyaye su gani. Masu benci a gida dan Allah ku taimaka mana da aro, guda shida kawai muke da su.