Masu ciwon doguwar QT, ku zo mu faɗi yadda muka gane

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati uku ke nan da likitan zuciya ya ce min ina da ciwon doguwar QT, har yanzu abin bai gama zama min a kai ba. Shekarata 31. Tun ina 'yar shekara 14 nake faɗuwa jefi-jefi, aka ce farfaɗiya ce, na sha maganinta shekara da shekaru. Abin da ba wanda ya lura da shi, har ni kaina, shi ne ban taɓa faɗuwa haka kawai ba, sai wani sauti ya razana ni: ƙararrawar makaranta, ƙofa ta bugu da ƙarfi, ko waya ta yi ƙara ina tsakiyar barci. Ta ƙarshen nan wata huɗu bayan na haihu ne. Agogon waya ya buga da asuba, na miƙa hannu zan kashe, iyakar abin da na sani ke nan. Maigidana ya ce idona ya kakkafe, numfashina ya koma kamar minshari, ƙafafuna suna fizga, kusan minti ɗaya kafin na dawo. A asibiti wata likita ta ce a yi min ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura take zanawa a takarda, kafin a ƙara min maganin farfaɗiya. Ta daɗe tana kallon takardar, ta sa biro tana ƙirga ƙananan akwatunan da ke jikinta, sannan ta rubuta 520 ta zagaye. Don Allah duk mai wannan ciwon, ko wanda nasa yake da shi, ya faɗa mana yadda ya gane da yadda yake zaune da shi. Ni yanzu tsoron barci nake yi.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa likitar nan da alheri. Ni ba ni da ciwon, amma na daɗe ina aiki a ɗakin masu ciwon zuciya, bari in warware miki lambar. Duk bugun da zuciya ta yi, wutar lantarki ce ta jiki take sa ta matse, daga nan sai ta sake tara caji kafin bugu na gaba. Tazarar QT a takardar ECG ita ce tsawon lokacin da ake ɗauka daga fara matsewa zuwa gama cajin. Ana daidaita lissafin da saurin bugun mutum, shi ne za ki ga an rubuta QTc. Ga namiji ana so kada ya wuce kamar milisakan 450 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), mace kuma 460. In ya kai 480 a awo fiye da ɗaya, likitoci sukan ce ciwon ne, daga 500 zuwa sama kuwa haɗarin ya fi yawa.

Idan cajin ya yi jinkiri, wani bugu zai iya faɗowa zuciya ba ta shirya ba, sai ta rikice ta shiga wani irin gudu da wani likitan Faransa, François Dessertenne, ya bayyana a 1966 ya sa masa suna torsades de pointes. Na taɓa ganinsa a allon na'ura da idona, layin yana murɗawa kamar igiya, ya kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura. A lokacin zuciya karkarwa kawai take yi, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum yake suma har da fizge-fizge a ɗauka farfaɗiya ce. Yawanci yakan tsaya da kansa cikin daƙiƙu. Ranar da bai tsaya ba ita ake gudu. Labarinki na razana da ƙara ya yi kama da nau'i na biyu, LQT2, kuma mata masu shi sun fi shiga haɗari a watanni tara na farko bayan haihuwa. Gwajin ƙwayar halitta ne zai tabbatar.

Abban Yara:
Hajiya sannu. Namu a ruwa ya bayyana. Ɗana na fari, yana da shekara 11, ya iya ninƙaya sosai. Ranar ina zaune a bakin wurin wankan ina kallonsa, ya yi tsalle ya faɗa, ya yi tafiya kaɗan, sai na ga kawai ya daina motsi, fuska a ƙasa, ba ihu ba ɗaga hannu. Da farko na ɗauka wasa yake min. Wani bawan Allah ne ya fito da shi ya yi ta danna masa ƙirji har ya yi tari. Kowa ya ce ruwa ya sha, ni kuma zuciyata ta ƙi yarda, yaron da ya iya ruwa ba ya nutsewa shiru haka. Aka yi ECG, aka sa shi gudu a kan na'ura ana auna shi, daga baya gwajin jini ya nuna LQT1. Likita ya ce wannan nau'in motsa jiki ne yake tayar da shi, musamman ninƙaya. Yanzu shekara uku yana shan nadolol kullum, bai sake faɗuwa ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da aka ce a gwada mu duka. ECG ɗina lafiya lau, 440, ban taɓa suma ba a rayuwata, amma jini ya nuna daga wajena ya gado. Ashe mutum yakan ɗauki ƙwayar alhali takardarsa ba ta nuna komai ba. Kowane ɗa da mai ciwon ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Cikin yarana huɗu biyu suna da shi. Ki kai tagwayenki, kada ki jira su girma. Ƙwallo kam na hana shi gaba ɗaya, ko ta cikin gida.

Ɗan Hajiya:
Ni na mahaifiyata ba na gado ba ne, magani ne ya jawo. Shekararta 67, tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Ta yi kwana uku tana gudawa da amai, ni da hannuna na saya mata ciprofloxacin da domperidone ban tambayi kowa ba. Dare na biyu ta tashi za ta shiga banɗaki ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka ga sinadarin fotasiyam na jikinta ya yi ƙasa sosai, QTc ya haura 550. Suka tsayar da magungunan, suka ɗaura mata ruwa da maganiziyam da fotasiyam, cikin 'yan kwanaki lambar ta sauko daidai. Likitan bai yi min faɗa ba, ya dai jero min: mace, tsohuwa, gudawa ta kwashe sinadarai, ga magani biyu kowanne yana tsawaita QT. Wallahi na fi sati ban iya haɗa ido da ita ba.

Ke da kike da na gado, wannan ya fi shafarki. Magungunan suna da yawa kuma na yau da kullum ne: erythromycin, clarithromycin, azithromycin, levofloxacin, chloroquine, quinine, ondansetron na amai, haloperidol, citalopram. Akwai wani shafin intanet, CredibleMeds, suna da jerin irin waɗannan magungunan da suke sabuntawa, har manhaja suna da ita a waya. Ni yanzu ko maganin mura ba ya shiga bakin Hajiya sai na duba.

Mai Batir a Ƙirji:
Yaya Abban Yara, ka yi haƙuri, amma maganar hana ƙwallo gaba ɗaya ka koma ka zauna da likitansa. A da haka ake yi, yanzu kuwa akwai waɗanda ake bari su yi wasa in suna shan magani ba fashi kuma akwai na'urar farfaɗo da zuciya a kusa. Ba ni zan yanke ba, ba kai ba, likitan da ya san lambarsa ne. Ni an hana ni komai ina yaro, takaicin ya sa na riƙa yi a ɓoye, wanda ya fi muni.

Nawa labarin wauta ce. An ɗora ni a kan propranolol ina shekara 19. Yana sa ni kasala, hannuwana kullum sanyi ƙalau, sai na ce ai na warke, na ajiye shi ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyar tsakani na faɗi ina gudun kama mota. Zuciyata ta tsaya, da wutar na'ura aka dawo da ni. Daga nan aka dasa min wata na'ura, ICD, a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya ta hagu, girmanta kamar ƙaramin akwatin ashana. Tana sauraron bugun zuciya dare da rana, in ya rikice ta sake masa wuta. Sau ɗaya ta taɓa buga ni ina farke. Masu cewa kamar harbin jaki ne a ƙirji ba su yi ƙarya ba, kofin da ke hannuna sai a ƙasa na gan shi. Amma ina nan ina rubutu. Maman Tagwaye, duk abin da za ki yi, kada ki yanke maganin nan rana ɗaya. In ya dame ki, ki faɗa a canza miki.

Abban Yara:
Na ji ƙanena, zan tambaya. Amma kai ba ka ga ɗanka kife a kan ruwa ba. Ninƙaya dai ba zai koma ba sai ina tsaye a kansa, in ma likita ya yarda.

Yayar Marigayi:
Na daɗe ina karantawa ban iya rubutawa ba. Ƙanena shekararsa 23, ko ciwon kai ba ya yi. Mun yi hira da dare, ya ce in tashe shi da wuri, da safe na je na tarar ya yi sanyi. Allah ya jiƙansa. Aka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma wani likita ɗan uwanmu ya matsa sai an yi wa sauranmu ECG. Nawa ya fito 495, gwaji ya nuna LQT3, nau'in da ya fi tashi a cikin barci ko lokacin hutu. Ban taɓa suma ba ko sau ɗaya. Yanzu ina shan mexiletine. Abin da nake so in ce, ba kowa ne ciwon yake yi wa gargaɗi da suma ba, wani faɗuwar farko ita ce ta ƙarshe. In a danginku akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, ko ya nutse alhali ya iya ruwa, ko jariri aka wayi gari babu shi, ku faɗa wa likita. Mu sai bayan rasuwar muka zauna muka ƙirga mutum uku a dangin babanmu.

Anti Nas:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙuri. Ana kiyasta kamar mutum 1 cikin 2,000 yana da na gado, ku ga ba wani baƙon ciwo ba ne. Maman Tagwaye, maigidanki ya koyi danna ƙirji. In kin faɗi ba kya amsawa, numfashi babu ko ya koma irin minsharin nan, ba ruwa zai yayyafa miki ba, ba jijjiga ki zai yi ba. Ya kwantar da ke a ƙasa mai tauri, ya sa wani ya kira agaji, ya ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji ya danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ya tsaya sai taimako ya iso ko kin farfaɗo.

Maman Auta:
'Yata an haife ta ba ta ji. Tana shekara 3 ta fara sumewa in ta yi kuka mai tsanani ko ta tsorata, muka ce taurin kai ne, riƙe numfashi take yi. Mai duba kunnenta ce ta ce a yi mata ECG. Ashe akwai nau'in da yake zuwa tare da kurumta, wanda likitoci biyu na ƙasar Norway, Jervell da Lange-Nielsen, suka bayyana a 1957. Shi sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, kuma ya fi sauran tsanani. Duk mai yaron da aka haifa ba ya ji, ya roƙa a duba masa zuciya.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Yayar Marigayi, Allah ya jiƙan ƙanenki, kin sa ni kuka. Mai Batir, na ji, ba zan yanke ba. Propranolol aka ba ni, likita ya ce saboda ina shayarwa, nadolol ya fi shi shiga nono. An kuma ce in kula da gudawa ko amai, in je asibiti da wuri a duba fotasiyam. Agogon waya na cire shi, da dare wayar ma a falo take kwana, maigida ne yake tashe ni a hankali da hannu. An ba tagwaye ranar Talata.

Jiya na kira mahaifiyata na karanta mata abin da kuka rubuta. Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce ƙanwarta, wadda aka sa min sunanta, ta rasu da jego, kwana arba'in da 'yan kai bayan haihuwa. An buga ƙofa da dare da ƙarfi, ta zabura ta tashi zaune, ta koma ta kwanta. Na ce Mama ki shirya, ranar Talata tare za mu je.