Faɗuwar gaba da gajiyar aiki: daga ina mace za ta fara?

Malama, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan mata ma'aikata ce nan Damagaram, musamman malaman lakwal na kwantiragi da ungozomomi masu kwana wurin aiki. Mace ta tashi da asuba gabanta na faɗuwa, barci ya ƙi, ta isa aji ko ɗakin haihuwa ba ta son ganin kowa, har tana tunanin ajiye aikin. A gida a ce ta yi haƙuri, ko a ce iska ce. Yaya ake bambance gajiyar aiki da ciwon damuwa? Wa za ta fara gani?

Ma'aikaciyar jinya, Birni:
Wa alaikumus salam Malama. A fara da jiki. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duka suna kawo bugun zuciya da kasala, ciwon maƙoƙo har da rawar hannu, kuma ƙarancin jini ya yi yawa ga mata masu haihuwa kusa-kusa. Ta je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarsu, a auna hawan jini da yawan jini. Ga macen da ba ta da ciki, awon yawan jini ƙasa da 12 ƙaranci ne. A kuma ƙirga shayi da goro da kofi da take sha. Shayin la'asar mai kauri kaɗai ya isa ya hana barci.

Idan jiki lafiya, ga bambancin. Gajiyar aiki tana manne da aikin: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mace ta ji ba ta iya komai. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a 2019, kuma ba ta sa ta cikin cututtuka ba. Sau da yawa takan yi sauƙi lokacin hutu. Fargaba kuwa ba ta san hutu ba, tana bin mace har gidan biki. Idan kuma baƙin ciki da rashin jin daɗin komai sun kai sati 2 kusan kullum, wannan na likita ne, a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babbar asibitin Zinder. Wadda ta fara zancen gara ta mutu, a kai ta ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Don Allah kada ta sayi diazepam ko tramol wurin masu tallar magani. Suna kwantar da hankali daren farko, bayan ƴan makonni jiki ya saba, ranar da ta daina fargabar ta dawo ninki. Maganin da likita ke rubutawa yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, shi ya sa da yawa ke yar da shi a kwana 10 su ce bai yi ba.

Hajiya mai ba da shawara, Zango:
Na yarda da ƙanwata, sai dai kada a ɗauka hutu kaɗai zai warkar da gajiyar aiki. Ta koma ta tarar da kayan yadda ta bar su, wata ɗaya ta sake faɗuwa.

Zaman shawara ba hira ba ce. Akwai tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya: zama 5, sau ɗaya a sati, kowane minti 90. Ana fara da numfashi: ta ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, ta sake ta a hankali, minti 5 safe da yamma. Kuskuren da ake yi shi ne jira sai fargaba ta taso kafin a gwada, ko jan iska da sauri har jiri ya kama. Sai ta rubuta matsalolinta duka, ta ware waɗanda ke hannunta. Jinkirin albashi ba ya hannunta. Wanda zai ɗauko yara daga lakwal, ko girkin dare ranar da take kwana aiki, suna hannunta. Ta ɗauki guda ɗaya tak, ta sa rana da lokaci, a zama na gaba a duba abin da ya hana.

Addu'a da azkar ba su saɓa da wannan ba, a haɗa su. Idan ta amince, a gayyaci maigida ko uwarta zama ɗaya, domin rabon aikin gida ba ya canzawa sai da su.

Yaya, tsohuwar ma'aikaciyar ofis:
Kan ajiye aiki: kada ta rubuta takardar murabus cikin wannan hali. Ta fara karɓar takardar hutun rashin lafiya daga likita, ta miƙa ta a rubuce, ta riƙe kwafinta. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa sati 14 da lokacin shayarwa a ranakun aiki, amma ta shafi ma'aikatan kamfani da ƙungiyoyi ne. Su za su iya kai kuka ofishin sufeton ƙwadago. Ma'aikaciyar gwamnati da ƴar kwantiragi sai su duba nasu ƙa'idojin tare da wakilin sandika.

In za ta ga shugabanta, kada ta ce “na gaji” kawai. Ta zo da buƙata ɗaya a fili, kamar rage kwanan dare na wata 2 ko sauya aji, ta kuma faɗi ranar da za a sake dubawa.