Yaushe ya dace katin barka da Sallah ya isa hannun mai shi?

Ɗan Jega mazaunin Legas ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun ƙaramar Sallar 2024. A waccan shekarar ban samu zuwa gida ba. Ranar Litinin 29 ga Ramadan, da na ga mutane sun fara watsa hotunan barka da Sallah, sai na tura wa surukina guda ɗaya ta WhatsApp tun kafin magariba. Daga baya fadar Sarkin Musulmi ta sanar cewa ba a ga wata ba, za a cika azumi talatin, Sallah sai Laraba. Ranar Larabar ban kira shi ba, domin a tunanina na riga na yi gaisuwa. Bai amsa saƙon ba, kuma sai bayan makonni maiɗakina ta gaya mini cewa abin bai yi masa daɗi ba.

Bana ina so in buga kati na takarda in aika wa surukaina da malamaina na makaranta. Yaushe ya kamata ya isa? Haka kuma akwai abokin aikina mutumin Zuru, Kirista, da yake ba ni kati duk Sallah, ina so in san lokacin da ya dace in mayar masa da alheri.

Tsohon ma'aikacin gidan waya, Argungu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, katin Sallah ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, musamman tsakanin ma'aikata da ɗalibai da sojoji waɗanda aiki ya kai nesa da gida. Da zarar azumi ya raba tsakiya za mu fara ganin ambulan masu kauri suna ƙaruwa a cikin buhun wasiƙu, a goman ƙarshe kuwa har dare muke kaiwa muna buga hatimi a kan kan sarki. Mai hankali yakan saka nasa da wuri, domin ya san buhun zai yi kwanaki a hanya, kuma wanda aka aika wa ba kullum yake zuwa duba akwatinsa ba.

Babu wanda yake ganin laifin katin da ya iso kwana uku ko biyar kafin Sallah, saboda kowa ya san takarda ba ta jiran ganin wata. Ajiye shi ake yi a kan tebur ko a jingina shi da rediyo, ranar Sallah baƙi su gani. Saƙon waya ba shi da wannan uzurin, tun da nan take yake isa, kuma a nan ne ka yi kuskure: ka ce wa mai azumi barka da Sallah alhali da sauran azumi a gabansa.

Shawarata ita ce katin ya kasance a Jega tsakanin 25 ga Ramadan da jajibere. Idan direban mota za ka ba a tasha, ka ba shi da wuri, domin motoci suna cika a makon ƙarshe. Kada ka bari a buga kwanan watan Miladiyya a jikinsa. A rubuta shekarar Hijira kawai. A 2024 ɗin da ka ambata sai da gwamnatin tarayya ta ƙara ranar Alhamis a kan hutun da ta riga ta bayar, a 2025 kuma azumi 29 aka yi, aka yi idi ranar Lahadi 30 ga Maris. Babbar Sallah ba ta da wannan damuwar, domin tun daga tsayuwar watan Zulhajji an san ranar goma.

Malamar makaranta, Birnin Kebbi:

Ƙanena, duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ina ganin ba riga wata da ka yi ba ne ya fi ɓata wa surukinka rai, shirun ranar Laraba ne. A wajenmu ƙarami ne yake fara gaida babba, da ƙafarsa idan yana gari, da muryarsa idan yana nesa. Hoton da aka tura wa mutum ɗari a lokaci guda ba ya tsaya a matsayin gaisuwar suruki, kuma katin takarda ma, duk kyansa, ɗan rakiya ne kawai.

Na ga yadda mahaifina yake yi. Idan ya sauko daga idi yakan zauna a zaure a kan buzu, da kwanon goro a gefensa, wayarsa a kan cinya, kuma ya san waɗanda suka kira kafin azahar da waɗanda sai da dare suka tuna da shi. Ba ya faɗa wa kowa, amma ana gani a fuskarsa. Don haka ka kira iyayenka da surukanka da hantsi, bayan an taso daga masallacin idi, ka gaishe su, ka tambayi an yi Sallah lafiya, ka yi addu'ar Allah ya maimaita mana, sa'an nan ka ambaci katin. Malamanka za su iya jira zuwa washegari ko rana ta uku, lokacin da ake yawon Sallah. Idan kati ya makara har mutane sun fara sitta Shawwal, to ka haɗa shi da kira da ban haƙuri. Kuma ina roƙonka kada ka aika wa suruki ambulan da takarda kaɗai a ciki. Ko goron Sallah kaɗan ne, ya tafi tare da shi.

Mutumin Zuru mazaunin Gusau:

Bari in amsa sashe na biyu na tambayarka, ɗan'uwa. Kirsimeti ranar 25 ga Disamba take kowace shekara, saboda haka babu batun jira. Al'adar katin daga Ingila ta fito, inda Henry Cole ya sa aka buga na farko na sayarwa a 1843, kuma ana aika shi ne kafin ranar, domin a jera shi a ɗaki a cikin kwanakin bikin. Ka miƙa wa abokinka a mako na biyu ko na uku na Disamba, domin mutanenmu da yawa suna kama hanyar gida tun wajen 20 ga wata, kuma idan ka jira ranar 24 sai ka tarar ya riga ya tafi. Idan ta wuce ka, gaisuwar sabuwar shekara tana karɓuwa har farkon Janairu.

Ɗan Jega mazaunin Legas:

Na gode, Baba, na gode, Yaya, kuma na gode wa ɗan'uwa na Zuru. Na gaya wa mai ɗab'i ya cire kwanan watan, kuma ƙanena zai karɓi katunan a tasha ya kai da hannunsa. Abin da ya rage mini shi ne maganar 2024. Shin in ba surukina haƙuri tun yanzu a cikin azumi, ko in bari sai na kira shi ranar Sallah?